Daga mashi zuwa kyamara: tarihin ƙidayar kifayen wel daga cikin kwale-kwale

Makiyayi ba ya buƙatar takarda kafin ya san shanunsa. Ya san kowace saniya da kamarta, da yanayin ƙahonta, ya san uwarta, ya san 'ya'yan da ta haifa. To amma a ce garken nan a ƙarƙashin teku yake rayuwa, ba ya leƙowa sama sai na 'yan daƙiƙoƙi don ya shaƙi iska, kuma kiwonsa na kai shi tafiyar dubban kilomitoci a shekara. Ta yaya za ka san yawansa? Ta yaya za ka gane ko ƙaruwa yake yi ko ƙarewa?

Wannan ita ce matsalar da masu binciken kifin wel suka daɗe suna fama da ita. Muna ce masa kifi ne kawai don baki ya saba, amma wel dabba ce mai shayarwa kamar saniya da raƙumi: da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, kuma uwa na ba ɗanta nono. A wannan rubutu za mu bi tarihin yadda ɗaukar hoto daga ƙaramin jirgin ruwa ya zama babbar hanyar nazarin waɗannan dabbobi, da abin da aka gano ta hanyar, da kuma inda take da rauni.

Zamanin da ilimi ke fitowa daga gawa

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kusan duk abin da masana suka sani game da wel daga mayanka ya fito. A 1904 wani ɗan Norwe mai suna Carl Anton Larsen ya kafa tashar sarrafa wel a Grytviken da ke tsibirin Jojiya ta Kudu, can kusa da yankin Antatika, kuma daga nan farautar ta bunƙasa a kudancin duniya. Ana narka kitsen a samu mai, a yi sabulu da man girki da sauransu. Wani lissafi da masana suka yi daga baya ya nuna cewa an kashe wel kusan miliyan 2.9 a cikin ƙarni na 20 kaɗai.

Masanin wancan zamani a kan dandamalin yanka yake aiki. Ya auna tsawon gawa, ya buɗe ciki ya ga abin da dabbar ta ci, ya duba mahaifa ya san ko ta taɓa haihuwa. Shekaru kuwa daga dattin kunne ake gane su, domin yana taruwa ne hawa-hawa, ana iya ƙirga shi.

Don sanin inda suke zuwa, Birtaniya ta fara wani shirin bincike a 1925 mai suna Discovery. Daga farkon shekarun 1930 masu shirin suka riƙa harba wa wel wani ɗan bututun ƙarfe mai lamba, tsawonsa kamar santimita 23, ya shige cikin jiki ya zauna. In an kashe dabbar wata rana aka tsinci bututun, sai a mayar wa masu bincike a karɓi tukuici. Ka ga ke nan duk rayuwar dabbar wuri biyu kawai za ka sani: inda aka harba mata ƙarfen, da inda ta mutu.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan. Ƙiyasin yawan wel ya dogara ne a kan alƙaluman da mafarauta ke bayarwa, ga shi ba duka ne ke faɗin gaskiya ba. An kafa Hukumar Kula da Farautar Wel ta Duniya a 1946 don ta sa iyaka, amma a 1993 wani masani ɗan Rasha, Alexei Yablokov, ya fallasa cewa jiragen Tarayyar Sobiyet sun shekara da shekaru suna ba hukumar lissafin ƙarya. A kudancin duniya sun kashe wel mai doro kimanin 48,000, suka rubuta ƙasa da 3,000. Duk ƙiyasin da aka gina a kan irin wannan lissafi, ai ginin toka ne.

Michael Bigg da kifayen oka

Sauyin ya fara ne daga gaɓar yammacin Kanada, a kan wata dabba da ake kira oka, mai launin baƙi da fari da dogon fiffike a gadon baya. Masunta a yankin sun tsane ta, suna ganin tana cinye musu kifi, kuma harbinta ba abin kunya ba ne a lokacin. A 1961 ma'aikatar kamun kifi ta Kanada har mashinga ta girke a wani mashigin ruwa da ake kira Seymour Narrows don maganin oka, ko da yake ba a kai ga harba ta ba.

A 1964 gidan nuna halittun ruwa na Bankuba ya aika a kashe oka ɗaya don a sassaƙa mutum-mutuminsa. Aka soke shi da mashi bai mutu ba, sai aka ja shi zuwa tashar jiragen ruwa, aka sa masa suna Moby Doll. Ya rayu kwana 87, jama'a suka ga ashe dabbar ba dodo ba ce. Daga nan kasuwa ta buɗe: gidajen nuna dabbobi a Amurka da Turai kowa na son nasa. A watan Agustan 1970 aka yi wa oka kusan 80 ƙawanya da raga a Penn Cove da ke jihar Washinton, aka ɗebi ƙanana bakwai, wasu kuma suka mutu a cikin ragar. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauka, Lolita, ta zauna a wani tafkin siminti a Mayami har ta mutu a 2023.

Masu kamun suna cewa oka dubbai ne a ruwan, ɗiban 'yan kaɗan ba zai yi komai ba. Babu wanda ke da hujjar ƙaryata su, don babu wanda ya taɓa ƙirgawa. Sai gwamnatin Kanada ta ɗora aikin a kan Michael Bigg, masanin dabbobin ruwa a cibiyar bincikenta da ke Nanaimo. A 1971 ya raba dubban takardun tambaya ga masunta da masu jiragen ruwa da masu gadin fitilun gaɓa, ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani a rana guda da aka tsayar. Sakamakon ya ba mutane mamaki, domin adadin bai wuce 350 ba.

Amma ƙidayar ido tana da saurin suka, tunda mutum biyu na iya ƙirga garke ɗaya. Ana cikin haka Bigg ya lura da wani abu a hotunan da suke ɗauka. Fiffiken bayan kowane oka yana da nasa fasali, wani da tsaga, wani da karkata. A gindin fiffiken kuma akwai wani tabo ruwan toka mai kama da sirdi, shi ma kowa da irin nasa. Daga 1973 shi da abokan aikinsa, ciki har da Graeme Ellis, suka duƙufa bin garkuna cikin ƙananan jiragen ruwa suna ɗaukar kowane ɗaya hoto.

Masana da yawa ba su yarda ba. Suka ce tsaga ai rauni ne, rauni kuwa warkewa yake yi. Don a gwada, a 1973 aka samu wani namijin oka da aka kama a Pedder Bay, aka yi masa tsaga biyu a fiffike, aka sake shi. An sa masa lamba K1, wasu na kiransa Taku. Aka ci gaba da ganinsa da tsagoginsa biyu har zuwa 1997. Magana ta ƙare.

A 1976 Bigg ya miƙa rahotonsa, ya nuna cewa yawan dabbobin ba zai jure ɗiban da ake yi ba, don a lokacin an riga an kwashe kusan 50 daga ruwan yankin. A shekarar ce kuma kamun ya tsaya a jihar Washinton, bayan wani kamu da aka yi a Budd Inlet a gaban idon jama'a ya kai ga shari'a. A dai 1976 ɗin Ken Balcomb ya fara ƙidayar hoto a ɓangaren Amurka, ya samu kusan 70 kacal a al'ummar kudu, wato garkunan da ake kira J da K da L. Har yau ana yin wannan ƙidaya duk shekara.

Yadda aikin yake a cikin jirgi

Kada mai karatu ya ɗauka aikin yawon buɗe ido ne. Jirgi na tangaɗi, dabbar na tafiya, fiffiken kuma bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu a sama ba. Dole direba ya jera da garken a gefe, da irin saurinsu, ba ya tare musu gaba, ba ya bin su ta baya. Mai kyamara na riƙe da dogon gilashi mai jawo nesa, ya saita ta yadda ƙofar haske za ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, in ba haka ba hoton zai fito dishi-dishi. Masu aikin oka sun daidaita a kan ɗaukar gefen hagu, saboda tabon sirdin hagu da na dama ba iri ɗaya ba ne, in aka gauraya sai dabba ɗaya ta zama biyu a kundi.

A wancan lokaci da fim mai baƙi da fari ake aiki, kowane nadi hoto 36. Ba ka sanin abin da ka samu sai an wanke. Daga nan sai a zauna da gilashin ƙara girma ana duba hoto ɗaya bayan ɗaya, ana gwama shi da na kundi. Kowane hoto kuma sai an rubuta masa rana da wuri da waɗanda aka gan shi tare da su. Wannan rubutu na gefe shi ya mayar da tarin hotuna ya zama kimiyya, domin daga maimaita ganin wane tare da wance ake gane dangantaka.

Abin da hotunan suka tona

Da shekaru suka taru sai abubuwa suka fara fitowa. Na farko, oka iri biyu ne ke zaune a ruwa ɗaya ba sa cuɗanya. Akwai mazauna, masu cin kifi, musamman wani babban nau'in samon. Akwai kuma masu wucewa, waɗanda abincinsu dabbobin ruwa ne masu shayarwa. Yau da sunan Bigg ake kiran masu wucewar. John Ford, wanda ya yi aiki da shi, ya gano cewa kowane garken mazauna yana da nasa karin kuka, kamar yadda Bakano da Basakkwace ke gane juna daga magana.

Na biyu, a wajen mazauna, ɗa namiji da 'ya mace duk suna zama tare da uwarsu har mutuwa ta raba. Na uku, mace kan daina haihuwa tana da shekara 40 da wani abu, amma ta ci gaba da rayuwa shekaru masu yawa bayan nan, abin da ba a cika samu a dabbobi ba in ka cire ɗan Adam. Nazarin da aka yi a kan kundin a 2012 ya nuna cewa namijin da ya girma, in uwarsa ta mutu, haɗarin mutuwarsa a shekarar da ke biye na ninkawa sau da yawa. Wani nazarin na 2015 kuma ya nuna tsofaffin matan ne ke jan gaba wajen neman abinci, musamman a shekarun da kifi ya yi ƙaranci. Yawancin waɗannan ba za a iya karanta su a jikin gawa ba.

Bigg ya rasu a 1990 sakamakon cutar sankarar jini. A shekarar ne hukumar farautar wel ta fitar da wani babban kundi na musamman a kan gane dabbobin ɗaya-ɗaya, har da aikinsa a ciki. Hukumar da aka kafa don raba farauta ta amince da kyamara ke nan.

Kai da wutsiya

A kusan lokaci guda wasu ma suna gano irin wannan dabara a wasu nau'o'in. A farkon shekarun 1970 Roger Payne, wanda ya yi suna wajen nazarin waƙar wel mai doro, ya fara aiki a Peninsula Valdes ta Ajantina a kan wani nau'i mai tsiron fata a ka. Tsiron kan yi fari saboda wasu ƙananan halittu masu kama da kwarkwata da ke maƙale a kai, kuma tsarinsa ya bambanta daga dabba zuwa dabba. Shi Payne yawancin hotunansa daga jirgin sama ya ɗauke su, tunda saman kai ake son gani.

Wel mai doro kuwa wutsiyarsa ce katin shaidarsa. In zai nutsa can ƙasa yakan ɗaga ta sama, sai ka ga cikinta mai zanen baƙi da fari, ga kuma bakinta mai tsage-tsage. A nan mai hoto ta baya yake tsayawa, yana jiran lokacin da dabbar ta lanƙwasa baya sosai, alamar wutsiya na tafe. A 1977 Steven Katona da ɗalibansa a wata ƙaramar kwaleji da ke Bar Harbor a jihar Maine suka fitar da kundin farko na arewacin Atlantika, da wutsiyoyi kusan 120. Yanzu kundin ya haura 10,000. Da shi aka tabbatar cewa dabbobin da ke kiwo a wurare daban-daban, daga gaɓar Amurka har Aisland, suna haɗuwa a ruwan Karibiyan lokacin barbara da haihuwa.

To ta yaya hoto ke ba da jimillar waɗanda ba a gani ba? Bari mu yi misali. A ce bana ka ɗauki wutsiya 100 daban-daban. Baɗi ka koma ka ɗauki 80, ka duba ka tarar 20 daga cikinsu tsofaffin sani ne. Wato kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ka samu an riga an san shi. Ke nan 100 ɗin nan na farko su ma kamar kashi ɗaya bisa huɗu ne na duk al'ummar, jimilla ta kama wajen 400. Da irin wannan lissafi, amma mai zurfi, wani shirin haɗin gwiwa na ƙasashe ya ɗauki hoton wel mai doro kusan 3,000 a 1992 da 1993, ya ƙiyasta cewa akwai tsakanin 10,000 da 12,000 a arewacin Atlantika.

Zamanin intanet

Kyamarar dijital ta sauƙaƙa ɗauka, amma ta ƙara nauyin dubawa, don hotuna sun yi yawa fiye da abin da idon mutum zai iya gwamawa. Ta kuma buɗe ƙofa ga waɗanda ba masana ba. Akwai wata macen wel mai doro da masu bincike suka ɗauka a gaɓar Brazil a 1999. A 2001 wani ɗan yawon buɗe ido ya ɗauke ta a Madagaska, ya ajiye hoton, bayan shekaru ya sa shi a Flickr, a can aka gane ta. Tazarar ta kai aƙalla kilomita 9,800.

A 2015 Ted Cheeseman ya kafa dandalin Happywhale, inda kowa ke iya tura hoton wutsiya. Daga baya aka haɗa shi da manhajar ƙirƙirarriyar basira, mai iya gwama hoto da dubban ɗaruruwa cikin ƙanƙanin lokaci. Ta wannan hanya aka gane wani namiji da aka gani a gaɓar Kolombiya ta tekun Fasifik a 2013 da 2017, sai ga shi a Zanzibar a 2022, tazarar da ta haura kilomita 13,000. Wani binciken da aka wallafa a 2024 kuma ya nuna cewa wel mai doro na arewacin Fasifik, bayan ya daɗe yana farfaɗowa daga farauta, ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 tsakanin 2012 da 2021, wato kusan 7,000. Masu binciken sun danganta hakan da tsananin ɗumamar ruwan teku da aka yi daga 2014 zuwa 2016, wadda ta rage abinci.

Hoto na nuna tabo ma, ba kama kaɗai ba. A kundin nau'in nan mai tsiro a ka na arewacin Atlantika, wanda bai kai 400 ba a duniya, an gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 suna ɗauke da tabon igiyar kamun kifi. Da irin wannan shaida ake matsa wa hukumomi su sauya dokokin sū da na gudun manyan jirage.

Inda gizo ke saƙa

Hanyar na da rauninta. Lissafin da muka yi a sama ya ɗauka cewa kowace dabba na da damar shiga hoto daidai da 'yar'uwarta, alhali wasu sun fi ɗaga wutsiya, wasu kuma gudun jirgi suke yi. Zanen wutsiyar jariri kan sauya a shekarun farko. Hoto maras kyau na iya sa a kasa gane tsohon sani, a ba shi sabuwar lamba, adadi ya kumbura. Shi ya sa ake tace hotuna bisa inganci kafin a yi lissafi.

Sannan jirgin kansa damuwa ne. Oka da sauti yake farauta, ƙarar inji kuwa na rage masa ji. Don haka aka sa dokokin tazara: a Hawai da Alaska ba a kusantar wel mai doro ƙasa da yadi 100, a jihar Washinton kuma tun 2025 sai an ba oka mazauna kudu yadi 1,000. Masu bincike da izini na musamman suke matsawa.

Akwai kuma rashin daidaito a taswira. Kundi ya fi cika inda ke da kuɗin bincike da masu yawon buɗe ido. Wel mai doro na zuwa mashigin tekun Gini daga Antatika duk shekara, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ya haihu a ruwan Gabon da maƙwabtanta, ana kuma ganinsa a gaɓar Benin da Najeriya da Ghana. An yi aikin hoto mai yawa a Gabon, amma sauran gaɓar hotunanta kaɗan ne, ga shi yanki ne mai haƙar mai da zirga-zirgar manyan jirage. Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Da zanen fata ake gane raƙuman dawa na Kure a Nijar ɗaya-ɗaya, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, suka farfaɗo suka haura 600.

A ƙarshe, ƙidaya ba magani ba ce. Dokar hukumar farautar wel ta dakatar da farautar kasuwanci ta fara aiki a 1986, wel mai doro ya farfaɗo a wurare da dama, amma oka mazauna kudu da suka kai 98 a 1995 sun koma 73 a ƙidayar 2024, duk da cewa Amurka ta sa su cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 2005. Ƙarancin samon, da gurɓatar ruwa, da hayaniyar jirage ne ke cin su. A 2018 wata uwa mai lamba J35 ta yi kwana 17 tana tura gawar jaririyarta a saman ruwa, tafiyar kusan kilomita 1,600, kuma a farkon 2025 aka sake ganinta ɗauke da gawar wata. An san ita ce, an san uwarta da 'ya'yanta, saboda hotonta na cikin kundin da aka fara a 1976. Kundin zai iya faɗin wanda ya mutu da wanda aka haifa duk shekara. Maganar mayar da kifi cikin koguna da rage hayaniya a teku kuwa tana hannun hukumomi da masu jiragen ruwa.